Gyaran Muryar Malam

Ni na jawo wa kaina, babu wanda ya aike ni. Ina zaman zamana ina koyar da tarihi a wata sakandare a Batsari, sai na ji cewa mai fim ɗin nan da ya zagaya ƙauyukanmu da kyamara a shekarun baya ya kammala aikinsa. Na kira shi a waya na ce, "Malam, tarihin mutane ka ɗauka, ai ya kamata masu shi su fara gani kafin a kai wa na nesa." Ya yi dariya ya ce zai zo, amma ba zai daɗe ba: yini ɗaya a Batsari, yini ɗaya a Safana. A nuna fim, ya yi jawabi, a yi masa tambayoyi. Na ce ni ne mai masaukinsa.

Abin da na gaya wa 'yan kwamitinmu na shirya taron ke nan, tarihi da wayar da kan yara. Amma ni da wata manufa a raina. Goggona, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta, ita ta riƙe ni a Zakka tun daga yaye. Mijinta, wanda duk muke kira Malam, yana cikin fim ɗin. Mutum ne da ya san tsofaffin burtalolin shanu da mashayunsu kamar tsakar gidansa, kuma duk rayuwarsa bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Sai da na yi ta roƙo kamar zan kwanta a ƙasa kafin ya zauna gaban kyamarar nan. To, ana saura 'yan makonni mai fim ya zo, Malam ya rasu. Goggo ta shiga takaba, ba fita ko ƙofar gida sai bayan wata huɗu da kwana goma, kuma a duk duniya babu inda fuskarsa da muryarsa suka rage sai cikin kwamfutar baƙona.

Da na je mata da labarin, tana zaune kan tabarma da carbinta, ba kwalli ba lalle.

"Wato zai yi magana?" ta ce. "Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Goggo. Har hularsa za ki gani."

"To ni da ba ni fita?"

Na ce ta bar mini wannan. Na riga na yi magana da mai fim. Ba zai iya ba ni fim ɗin a waya ba, don waɗanda suka ɗauki nauyin aikin sun sa ya yi alkawarin ba zai ba kowa ba sai an fitar da shi. Amma ya yarda in an tashi taron Safana mu biya Zakka, shi ya zauna a zaure, ni in shigar mata da kwamfutar har ɗaki. Sharaɗi ɗaya ne, kuma kowa a yankinmu ya san shi ba sai an faɗa ba: la'asar ba ta samun baƙo a hanyar ƙauye. Na ce wa Goggo in sha Allahu tana idar da azahar za ta ji sallamata.

Da can, in ji tsofaffi, majigi da dare ake nuna shi a fili, kowa ya zo da buzunsa. Yanzu wa zai tara jama'a da dare? Dole da rana tsaka muka yi na Batsari, a ɗakin taron makaranta mai tagogi ta ko'ina. Muka toshe su da tabarmi da buhunan taki da zannuwan gadon matata, har yau tana yi mini gori a kansu. Hasken bai fita ba, iska ce kawai ta daina shigowa. Mutane suna ta fifita da huluna, hoton a jikin bango fari fat kamar an wanke shi da sabulu.

Duk da haka an kalla. Da aka zo tambayoyi, bawan Allahn nan ya shirya ya yi bayanin yadda ake tattara tarihin baka, amma ina! Wani dattijo daga Wagini ya miƙe ya ce me ya sa aka nuna rijiyar wasu ba a nuna tasu ba, alhali tasu ta girme ta. Wani daga Yasore ya ce kakansa ne ya fara saran dajin da aka ce kakan wane ne. Tambaya ba tambaya ba, kowa in ya karɓi abin magana sai ya fara gaisuwa daga liman har mai shara. Mai fim ya dube ni, na dubi silin. A raina dai na ce duk ku yi ku gama, gobe ne nawa.

Washegari na so mu yi dabara. Na ce wa shugaban kwamitin Safana, wani tsohon hedimasta, tunda an sa taro da hantsi, bari mu yi sammako mu fara zuwa Zakka mu dawo. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Haba Malam, kai da kake ɗan ƙasa? Baƙo ya shigo gari, bai gaida manya ba, ka wuce da shi ƙauye? Me za a ce da mu?"

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce mai takaba take jira."

"Ai mai takaba ba inda za ta. Tana nan."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a wuya, amma sa'an mahaifina ne, na haɗiye. Haka muka kwashe safiyar muna bin zauruka. A cire takalmi, a durƙusa, ina gajiya, ina iyali, ya hanya, ya muka ji da zafi. Ko'ina sai an kawo fura, kuma ba a ƙi. Baƙona ya sha fura har idonsa ya yi ja.

Muka iso ɗakin taro, ya cika, an ja wayoyi, janareta na ruri. Na ce bismilla, a fara. Hedimasta ya ce a'a, babban baƙo bai iso ba. Wani Alhaji ne ɗan garin da ke zaune a birni, shi ya ba da janareta da kujeru, kuma ba a kunna wutar mutum a yi kallo ba ya nan. Aka ce ya taso. Can aka ce yana hanya, can kuma aka ce ya tsaya ta'aziyya. Ina ta fita ina duban rana ina dawowa, har wani malami abokina ya ce ko gudawa nake yi. Ban ko yi masa dariya ba.

Sai da aka yi azahar Alhaji ya iso da motocinsa da 'yan rakiya. Daidai lokacin da na ce wa Goggo za ta ji sallamata, ina tsaye ina tafa wa wani ƙato yana gyara babbar riga. Sannan jawabai. Mai gabatarwa ya yi nasa, hedimasta ya yi, Alhaji ya ce shi ba mai dogon bayani ba ne, ya kama tun daga makarantar allonsa. Mai fim da aka taru dominsa, da aka zo kansa cewa aka yi ya taƙaita saboda lokaci.

Ana kunna fim direban mai fim ya jawo ni gefe. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba.

"Malam, ka yi haƙuri, maganar Zakka ta mutu. Ko yanzu muka tashi ba za mu je mu fito da rana ba. Ni ayarin Alhaji zan bi in sun tashi, su ke da rakiya. Ina da 'ya'ya."

Gaskiyarsa ce. Na je na raɗa wa mai fim, ya dafe kai. Sannan ya ce shi zai fita ya sha iska, abin da bai gani ba bai gani ba. Na gane. Na ciro wayata na samu wuri a gefen bango na tsaya, ina jiran wurin Malam, don na san yana can kusa da ƙarshe.

Ga shi kuwa ya fito. Yana zaune gindin tsamiyar ƙofar gidansa, sandarsa a kan cinya, hular nan da ta sha wanki. Na danna ɗaukar bidiyo. Ya yi gyaran muryar nan tasa, wadda in ya yi ta a zaure duk gidan ke nutsuwa, ya ce, "To, bismillahi."

Sai Alhaji ya zabura. "Allahu akbar! Wannan ai na san shi! Ya yi kiwo tare da mahaifina!" Wani ya ce masa ai ya rasu kwanan nan. Sai ɗaki ya ɗauki salati. Alhaji ya fizgi abin magana ya ce ba zai yiwu a ga bawan Allah irin wannan a wuce ba a yi masa addu'a ba, ina liman? Liman ya karɓa, lasifika ta cika ɗakin, kowa ya ɗaga hannu. Malam yana can a bango bakinsa na motsi, yana nuna gabas da sandarsa, ba mai jin ko kalma ɗaya. Wanda zai tsayar da fim ɗin yana waje yana shan iskar da ya yi mini alkawari.

Ka ga inda abin ya fi ci mini rai. Da surutu suke yi, da na daka musu tsawa ko Alhaji ne. Amma addu'a ce, kuma ga mutumin da ya ciyar da ni ya tufatar da ni. In ce a yi shiru? In ce liman ya dakata? Hannuna ɗaya riƙe da waya, ɗayan na ɗaga shi ina amin, ina jin kamar in fashe don takaici. Liman kuwa ya samu lasifika, ya roƙa wa Malam, ya roƙa wa iyaye da kakanni, ya gangaro kan damina da zaman lafiya da Alhaji da zuri'arsa. Ana shafawa, Malam ya ɓace, wata tsohuwa mai saƙa ce a bangon.

Na kutsa gaba na ce don Allah a mayar da wurin nan baya. Ban rufe baki ba Alhaji ya dubi agogo ya miƙe, ɗaki duka ya miƙe. Kafin in kai ƙofa an zare wayoyi, direba ya tada mota yana ta oda. Mai fim ya rungumi kwamfutarsa yana gudu, ya leƙo ta taga ya ce, "Zan nemi izini in turo maka wurin nasa, wallahi zan nema!" Na yarda ya nema. Izinin dai bai sauko ba har Goggo ta bi mijinta.

Da safe na hau babur na tafi Zakka. Na same ta an share ɗakin, an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure saboda baƙo, tuwon da ta sa aka yi masa jiya yana nan a rufe. Ba ta tambaye ni me ya hana ni ba. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kame-kame, ta ce, "Ina shi?"

Na miƙa mata wayar. Ta kai ta kusa da ido, ta nisantar, ta karkata. Babu komai sai farin haske da inuwar huluna.

"Ban ga kowa ba."

"Rana ce ta yi yawa, Goggo. Sa a kunne."

Ta kara a kunnenta, na kunna. Gyaran muryar ta fito tarau. Na ga kafaɗunta sun motsa, ta gyara zama, ta ja mayafinta ta rufe kai sosai kamar yadda take yi in ya shigo. "To, bismillahi." Sai ihun Alhaji, sai salati, sai liman.

Na buɗe baki zan yi mata bayani, ta ɗaga mini yatsa. Ta gane addu'a ake yi, ta buɗe tafin hannunta ɗaya tana amin a hankali. Ta bi liman tiryan-tiryan, har damina, har Alhaji da zuri'arsa. Ta shafa.

"Madalla, sun kyauta," ta ce. "To, yanzu sai su bar shi ya yi maganarsa."

Ta ci gaba da saurare. Muryar mai saƙa ta shigo, sannan ƙarar kujeru, sannan wayar ta yi shiru. Ta jira. Ni na kasa ɗaga kai, ina ta kallon saƙar tabarma.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Goggo."

Ta daɗe riƙe da wayar a cinyarta. Na zaci faɗa za ta yi, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta miƙo mini ita.

"Maido min farkon," ta ce. "Inda ya yi gyaran murya. In ya yi, ka tsayar, ka sake maidowa."