Dutsen Kawu da Injin Mijin Adda

Shekarar da aka rufe makarantarmu ta wajen Mubi na dawo Jimeta, na tarar gidan mahaifiyata na Nassarawo ya cika har zaure. Ni malamin firamare ne, kuma tun da na fara koyarwa ban taɓa zama haka ba aiki ba. Hanyar arewa ba mai bin ta sai soja. Cikin gari kuwa shinge ko'ina, ka sauka daga napep, ka ɗaga hannu sama, ka wuce. A gida babu inda za ka miƙe ƙafa ba ka taɓa wani ba, kuma hirar kullum ɗaya ce: wa aka gani, wa ba a gani ba.

Cikin waɗanda suka gudo akwai Adda, babbar yayata, da mijinta da 'ya'yansu. Daga bakin Tafkin Chadi suka zo, inda mijin yake sana'ar su tun yana saurayi. Ba su fito da tabarma ko tukunya ba, amma ya fito da injin jirginsa, ya yi ta ɗora shi daga wannan mota zuwa waccan har Jimeta. Mutum ne dogo mai fara'a a da. Yanzu ya koma shiru, in ya zauna sai inda yake kallon ƙofa.

Kawu ne ya fitar da mu biyu daga gidan. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon masunci, yana da kwalekwale a kogin Binuwai ƙasa da gada. Ya zo gaisuwa wata safiya, ya dube mu muna zaune kamar masu jiran gawa, ya ce, "Malam, kai da surukin nan ku zo ku riƙe min filafili. Kafaɗana ya gaji." Fulatanci ne a bakinsa tun yana yaro, Hausarsa duk abu namiji ne.

Kamun kifin Kawu ba na yawo ba ne. Kowace shekara in ruwa ya ja baya, yakan sari rassan ƙaya, ya ɗaure su dami-dami da duwatsu, ya nutsar da su a wani gurbi mai zurfi inda kogin ya lanƙwasa. Ƙananan kifi su ɓuya a ciki, manya su biyo su. Duk masuntan wurin sun san ƙayar wane ce a ina. In mun je, sai mu tuƙa mu wuce ta kaɗan ta sama, Kawu ya saki wani dutse mai rami da ya ɗaura wa igiya, ya yi ta sassauta igiyar har jirgin ya tsaya daidai kan ƙayar. Daga nan kowa ya zura fatsarsa tsaye, a zauna. Karfasa ce ta fi yawa, wani lokaci tarwaɗa ko kurungu.

Ni zaman ya yi min daɗi da farko, don babu rediyo, babu kukan yara. Mijin Adda kuwa tun ranar farko ya kasa. Da dutsen ya taɓa ƙasa sai ya fara motsi, ya dubi wannan gaɓa, ya dubi waccan.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo injinsa, ya ɗaura a bayan jirgin. Ya ce, "Kawu, a bar dutsen nan. Ni zan riƙe jirgin da inji, in sa shi a hankali yana fuskantar ruwa. Mu zagaya ƙayar ta gefe, in babu kifi mu matsa."

Kawu ya ce, "Kifi yana da kunne. Ƙaran abin nan da warin mai, ko ni da nake sama ya dame ni."

"Dutsen fa? In ya faɗa yana karya rassan, yana ta da laka. Kuma in ka sake shi ka ɗaure kanka wuri guda ke nan, ko kifin yana can gefe."

"Wanda ya zauna kifi yana zuwa ya same shi."

Kowa da gaskiyarsa, don mun gwada duka biyun. Ranar inji mukan sami manyan da ke kewaya bakin ƙayar, amma fatsa ta yi ta sarƙewa, farfela ta kusa cin rassa. Ranar dutse mukan cika kwando da karfasa, amma mijin Adda ya dawo gida kamar wanda aka doka. Ni ina tsakiyar jirgi, wannan ya ce "Malam, gaya masa," wancan ya ce "Malam, kai ka gani." Na gudo daga gida don in huta da magana, ga shi na faɗa wata a wurin da ba halin in tashi in fita.

Wata rana da hantsi, ranar dutse ce, muna zaune shiru sai muka ji wata ƙara mai nauyi daga wajen gada. Tsuntsaye suka tashi daga yashi. A lokacin kowa a Jimeta ya san abin da irin wannan ƙara kan zama. Muna hango mutane ƙanana a kan gada suna gudu.

Kafin in juya, mijin Adda ya tsallake ni ya kama igiya yana ja. Dutsen ya ƙi tasowa, ya shige tsakanin rassan. Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito, hancin jirgin ya dunƙusa cikin ruwa. Kawu yana cewa, "Sannu, sannu, bari in sassauta shi ta gefe." Bai ji ba. Ya koma baya ya fizgi igiyar inji, ya ba shi wuta gaba ɗaya.

Jirgin ya zabura, igiyar dutse ta miƙe, ta fizgo mu. Muka fara juyawa wuri guda kamar akuya a turke. Ruwa ya shigo ta gefe, kwandon kifi ya kife. Na rungume katakon da nake zaune a kai ina salati, don ni ban iya iyo sosai ba. Sai farfela ta kama reshe, injin ya yi tari ya mutu. Yanzu gaba a ɗaure, baya a ɗaure, ruwa har idon sawu.

Mijin Adda ya zaro wuƙa daga ƙugunsa. Kawu ya riƙe masa hannu, ba da ƙarfi ba, ya ce, "Yanke in kana so. Igiya ne kawai. Amma dubi gada tukuna."

Muka duba. Motoci sun ci gaba da wucewa. Wata tirela ce tsaye a karkace, mutane sun dawo sun kewaye ta. Daga baya muka ji tayarta ce ta fashe.

Mijin Adda ya saki wuƙar cikin jirgi, ya zauna a ruwan da ya taru. Kawu ya miƙo min ƙwarya na fara kwarfe ruwa. Can sai mijin Adda ya fara magana, idonsa a kan hannayensa.

Ya ce ranar da mutanen daji masu bindiga suka zo musu, da rana tsaka ne, jirage da yawa suna kan ruwa. Shi injinsa na kunne, don yana shirin canza wuri. Ƙaninsa yana wani jirgi kusa da shi, ya kafa gora ya ɗaure jirgin da ita sosai saboda iska. Da harbi ya tashi daga cikin ciyawa, shi ya juya ya tsere. Ya waiga ya ga ƙanin nasa durƙushe yana fama da ƙulli.

"Ban san ko ya kwance ba," in ji shi. "Har yau ban sani ba."

Mun san ƙanin ya ɓata, Adda ta faɗa mana, amma ba mu san haka aka yi ba. Kawu ya yi ta'awizi a hankali, ya tuɓe riga ya shiga ruwa ya ɓanɓare reshen daga farfela. Dutsen kuwa ya ƙi fita. Kawu da kansa ya yanke igiyar, muka tuƙo da filafili zuwa gaɓa.

Kwana da kwanaki mijin Adda bai je kogi ba. Yana zaure yana goge injin da ba abin da ya same shi. Adda ta same ni a bayan ɗaki tana share hawaye da bakin zani, ta ce, "Ka roƙa min Kawu ya zo ya ɗauke shi. In ya zauna a gidan nan zai lalace min."

Kawu ya zo da sabuwar igiya da wani dutse da kuma tsohuwar jarka. A tsakar gida ya nuna masa. Ya ɗaura jarkar a ƙarshen igiya, sannan ya yi wa ƙafar turmi wani ƙulli mai zarge, ya miƙa masa bakin. "Ja." Ya ja da yatsa biyu, igiyar ta zame gaba ɗaya. "In ka ji abu, ka ja, mu tafi. Jarka zai riƙe mana igiya a sama, mu dawo mu same shi. Injinka kuma yana nan a baya, amma a kashe."

Haka muka ci gaba. Ba zan ce ya warke ba. Yana zama a hancin jirgi, fatsa a hannun dama, bakin igiya a naɗe a yatsan hagu, tun safe har mu tashi. Sau da yawa ya ja ta a banza, don wani ya harba bindigar farauta ko an buga ƙofar mota a gaɓa. Ruwa ya ɗauke mu ya yi ƙasa da mu, mu tuƙo mu dawo wajen jarka, Kawu bai taɓa cewa uffan ba. Gardamar inji da dutse ma ba ta mutu ba, sai dai ta koma abin tsokana in ana rabon kifi.

Da abubuwa suka lafa aka kira mu aiki, daga baya aka maido ni wata makaranta a Sangere. Gidan Nassarawo ya ragu da kaɗan-kaɗan. Kawu ya rasu bayan wata doguwar jinya, ya bar wa mijin Adda jirgin da gurbin, kuma masuntan wurin ba su yi masa gardama ba.

Har yanzu shi da Adda suna Jimeta, a ɗaki biyu na haya kusa da kogi. 'Ya'yansu sun tashi da Fulatanci a baki, babbar ta yi aure a unguwar Alkalawa. Duk wanda ya zo daga wajen Chadi sai mijin Adda ya neme shi ya tambaye shi labarin ƙaninsa da labarin hanya. Wasu su ce ana komawa, wasu su ce kada ya kuskura.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe su. Muna cin tuwo ya ce min in damina ta wuce yana so ya je ya gani da idonsa. Adda tana bakin murhu, ba ta ko juyo ba ta ce, "Ka je kai kaɗai. Ni na gama gudu." Ya turo min kwanon miya gabana, ya ce in ƙara.