Baƙon da Ke Bangon Ɗakina

Jiya jikata ta tsaya gaban hoton da ke bangon ɗakina ta ce, "Kaka, wannan ɗan'uwanmu ne?"

A shekarun 1970, ina sakandare, yayana Bitrus ya hau jirgin ƙasa zuwa Legas neman aiki, ya yi alkawarin aiko mana da hotonsa. Gab da Kirsimeti na je wajen 'yan gwanjo a kasuwar Kafanchan, na sayi tsohon firam na katako don in sa hoton idan ya iso. A ciki akwai hoton wani saurayi sanye da kayan ma'aikatan reluwe.

"'Yata, ki cire shi ki yar," in ji mai kayan.

Kaina a sunkuye na ce, "Baba, bari ya riƙe wa yayana wuri."

Na kankare katakon, na shafa masa ragowar koren fentin bencunan cocinmu, na rataye shi.

Hoton Bitrus bai zo ba, shi ma bai dawo ba. Duk Kirsimeti nakan sabunta fentin, baƙon kuwa yana nan riƙe da wurin.

Ku ma akwai wanda kuke ajiye wa wuri har yau?