Farar Rigar Likita Illa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Likita Illa, kuma bana ce shekarar farko da na tashi daga wurin addu'arsa kaina a sunkuye.

Mutanen arewacin Adar sun san shi tun yana yawon ƙauyuka da jakar magani, kafin su tura shi majalisa a Yamai. Ko da ya zama depite, taronsa bai taɓa zama taron siyasa sosai ba. Yana fara jawabi sai wata ta miƙo masa jariri, shi ke nan jawabi ya mutu, layi ya kafu. 'Yan jam'iyya su yi ta cizon yatsa.

Ranar addu'ar bana a Tawa, ɗana Sabi'u, wanda siyasa ta shiga wa kai, ya fito sanye da farar rigar kawunsa, abin awon ƙirji a wuya, wai don hoto. Sabi'u fa dillalin albasa ne. Manya suna ta tafi.

Sai ga wata tsohuwa daga wajen Takanamat da jikanta a goye, yaro sai numfashi sama-sama. Ta durƙusa ta ce, "Magajin Likita, duba mini shi."

Na ɗauka zai tuɓe rigar. Ina! Ya ɗora abin awon a ƙirjin yaron, ya dubi masu hoto, ya ce, "Ba komai, Inna, zazzaɓi ne, ki koma gida."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da Yaya yana nan, ban san wanda zai fara kallo ba, Sabi'u ko ni da na haife shi. Na ja tsohuwar muka hau kabu-kabu sai asibiti. Ciwon huhu ne. Allah ya taimaka, yaron ya tashi.

Da na koma duba su, ta riƙe hannuna tana murna. "Hannun ɗanki irin na kawunsa ne. In na koma, duk mai ciwo wurinsa zan turo."

Abin da Yaya ya bari ke nan. Bai bar gidan bene ba, yardar mutane ya bari, har yanzu tana kawo su ƙofarmu da 'ya'yansu. Na dubi idonta na ce, "Baba, kada ki turo kowa. Gidanmu babu likita, tun da aka binne shi."