Darasin Ƙarshe na Malamar Lissafi

Baba Fensir ake ce masa, don fensiri ba ya barin bayan kunnensa. Shekara ashirin da biyu yana tsara jadawalin darussan makarantarsu, kowa na yabon adalcinsa, har shi ma ya yarda. Sai bana ofishin ilimi ya ce kafin tsarin baɗi, kowace makaranta ta zuba tsofaffin jadawalanta cikin wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, a ga inda za a gyara. Shi da kansa ya kwaso takardun, yana taƙama.

Ranar taro, jami'ar da aka turo ta haska sakamakon a bangon ɗakin malamai. Ashe shekara goma sha ɗaya a jere, malamar lissafi ce ke da darasin ƙarshe kullum, lokacin da yunwa ta ci yara, rabinsu na gyangyaɗi.

"Na'urar nan ta fi surukata sa ido!" in ji malamin tarihi. Aka kwashe da dariya, ban da Baba Fensir. Shi ya san dalili: ta taɓa gyara masa lissafi a gaban ɗalibai.

Da aka watse, ya tsaya bakin teburinta, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Malama, ba kuskure ba ne. Da gangan na yi."

"Na sani, Baba, tun shekarar farko," ta ce, tana tattara littattafanta. "Ni na yafe. Yaran da suka faɗi lissafi fa, wa zai ba su haƙuri?"