Garin da Kasuwarsa Ke Ci Ran Talata

Shekara uku na ɓata a kan taswira, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kakata ta baro ƙasar Hausa tana 'yar shekara bakwai, a ƙafa, ta Chadi da Sudan. An bar ƙanenta wurin gwaggonsu don bai isa tafiya ba. Da ta tsufa a ɗakinta na unguwar Misfala a Makka, ba ta da magana sai tasa: yana raye ko ya rasu? Ni aka ɗora wa neman garin, tunda ni ne mai aikin ofis a tashar motocin alhazai ta Kudai, wai ni ne ɗan boko.

Sunan ƙauyen Tsamiya. To, wace Tsamiyar? Na ƙirga su har yatsuna suka ƙare. Ta faɗi ƙasar hakimin da suke bi, na samo tsohuwar taswirar lardi na ga ƙasar, sai dai babu ƙauyuka a ciki. Sabuwar kuwa akwai ƙauyuka, amma an yanyanka ƙasar nan kamar naman layya, kowace ƙaramar hukuma da sabon sunanta, wata ma ta faɗa wata jiha. Na buga su a takarda, na ɗora wannan kan waccan a jikin taga don haske ya ratsa, iyakokin suka ƙi haɗuwa. Duk da haka na ja layi da jan biro, na ce a ciki garin yake.

Duk sanda na kai mata takardun sai ta ture su. "Ya waladi, yarona, bar wannan zane. Kasuwarmu Talata take ci. Laraba ta bakin gulbi, Alhamis ta masu tukwane." Ni kuma in ce taswira ba ta san ranar kasuwa ba. Wata rana har na ɗaga mata murya, abin da nake jin kunyarsa har gobe.

Bara, lokacin aikin hajji, wani dattijo ya zauna kusa da ofishina yana jiran mota. Cikin zolaya na jero masa kasuwannin nan uku kamar karatun allo. Ko tunani bai yi ba ya ce ai duk ya ci su da jakinsa, ya faɗi ƙaramar hukumar. Ban taɓa duba ta ba, don tana wajen jan layina.

Na tambaye shi ko ya san wani tsoho mai 'yar'uwa a Makka. Ya ce wa bai san shi ba? Duk shekara in alhazai sun dawo yakan tare su a bakin hanya yana cigiyar yayarsa.

"Damina biyu ke nan da rasuwarsa, ɗana."

Wato shekarar da na fara jan layi yana nan yana tarar mota.

Da la'asar na shiga Misfala. Kaka ta dubi hannuna ta ga babu takarda.

"Yau mutum ka tambaya ke nan," ta ce, tana gyara zama. "To, me ya ce?"