Tebura Takwas Daura da Asibiti

Daga bakin mai kawo abinci na fara jin sunansa. "Noy Teban, shinkafarka ta sandare! Ko sai na ba ka a baki?"

Kullum yana kujerar lungu a shagon intanet da nake tsaro, daura da wani asibiti a birnin Cebu. Siriri ne mai furfura, ƙafar tabaransa ɗaure da zare. Teburan karta takwas yake buɗewa a allo ɗaya, kowanne da baƙin da yake caca da su, kowanne daƙiƙu kaɗan yake jiransa. Idanunsa na tsalle daga wannan zuwa wancan. Ko ya ci ko an cinye shi, fuskarsa ɗaya.

Ina zaton matarsa ce a kwance a asibitin. Zoben mace ne a ƙaramin yatsansa, kamar yadda babana ya sa na mahaifiyata ranar tiyatarta.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini magana. Ya ajiye wayarsa a gabana, ya ce:

"Ƙanwata, in asibiti suka kira, kar ki jira in gama, ba na gamawa. Ki kashe kwamfutar kawai, ko da zan zage ki."