Keken Umma Da Ya Watse Cikin Gidajen Mutane

Shekara da shekaru, da hantsi ya ɗaga za ka ga Baba Mai Keke ya rataya jakarsa yana bin layi. Ba ya jiran a kira shi. Sallama yake yi a ƙofar gida ya tambaya, "Akwai tsohon keken ɗinki a nan?" Sau da yawa a ce babu, sai daga baya a tuna cewa teburin da aka ɗora wa talabijin keke ne. Wani keken a bayan buhuna ake jawo shi, wani kuma kaza ta mai da durowarsa wurin ƙwai.

Sai ya zauna a tsakar gida ya jiƙa tsatsar da kananzir, ya kankare, ya ɗiga mai, ya ɗaura bel. Irin kekunan nan na ƙafa an daɗe da daina kawo kayansu kasuwa, amma bai taɓa cewa wani ya gagara ba. In ƙoshiya ce ta karye, wato ɗan ƙarfen da ke ɗauke da zaren ƙasa, sai ya ce, "Bari in duba a gida." Washegari ga shi da ita. Mu kuwa da shegen son banza, ko sau ɗaya ba mu tambayi inda yake samowa ba.

Bana hannunsa ya soma rawa, ya ajiye jaka. A makon ne Auta, ƙaramar 'yarsa, ta zo ɗaukar keken mahaifiyarta. Tun tana kan gadon asibiti marigayiyar ta ce nata ne, ga shi yanzu mijin Auta ya rasa aiki, da keken take son riƙe gidanta. Har ta karɓi yadin mutum biyu.

Ta shiga ɗakin Umma ta yaye zanen da aka lulluɓe keken da shi. Kan keken ne kawai ya rage da ƙafafunsa. Babu ƙoshiya, babu haƙoran da ke jan yadi, babu feda, hatta notuna an kwance. Ta leƙa ƙarƙashin tebur kamar kayan za su fito da kansu.

"Baba, ɓarayi sun shiga ɗakin Umma."

Baba ya ce, "Ba wanda ya shiga sai ni. Haƙoran suna gidan mai gadin makaranta. Fedar tana wurin yarinyar nan gurguwar hannu. Ƙoshiyar kuma na sa wa matar marigayi direba."

"Keken Umman? Wanda ta bar mini?"

"Kullum cewa nake zan samo wasu in mayar, Auta. Ban samu ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma da gaskiyarta. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi gidan matar direban, da niyyar ko ƙoshiyar ce ta karɓo. Ta tarar da ita a kan keke, kayan makarantar yara tuli a gefe, marayunta suna cire zare. Auta ta gaishe ta sama-sama, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Matar ta ɗauke ƙafa daga feda, baki buɗe. "Na mahaifiyarki? Wallahi ce mini ya yi a tarkace ya tsinta. 'Yar nan, da wannan ƙarfen na ciyar da yaran nan tun rasuwar ubansu." Ta sa hannu a ƙarƙashin keken tana lalube. "Bari in cire miki. Hakkinki ne."

"Tsaya, Gwaggo," in ji Auta. "Bari in ɗan taka."

Ta zauna ta taka. Ƙarar da ta fito ita ce wadda ta yi ta yin barci a cikinta tana ƙarama, har da ɗan ƙyas-ƙyas ɗin da Umma ke cewa gulma keken yake yi. Ta kai ƙarshen hannun rigar da hawaye a fuskarta, ta miƙe, ta bar ƙoshiyar a inda take. Ta mayar wa mutanen nan biyu yadinsu a ranar.

Da labarin ya bazu, duk unguwa aka riƙe baki. Kowace mai keke ta koma tana duban nata, tana tunanin wane yanki ne na marigayiya.

Baba, kai ne ka tayar da kekunan da muka yi wa kallon matattu. Kai ne ka kwance abin tunawa da matarka ƙarfe-ƙarfe, ka raba wa gidajen da ba su san sun ci ba. Ba za mu ce ka kyauta wa Auta ba, kai ma ba ka ce ba. Amma mun gode, Allah ya saka maka, ya ba hannun nan sauƙi.

Saura mu. Duk mai mataccen keke a ɗakin ajiya, kada ya miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ya kwance abin da ke da sauran amfani ya kai gidan Baba, ko noti ɗaya ne. Auta har yau ba ta da keke.